Takardar wakilci daga ƙauyenmu zuwa Jidda: yadda muka yi da kotu, notari da Abuja

Yayana ya rasu a Jidda bayan gajeriyar jinya, a can aka yi masa sutura, Allah Ya jiƙansa. Direba ne a wani kamfani, yana da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ya kuma daɗe yana aiki da su. Bayan an share makoki, wani ɗan garinmu da ya shekara da shekaru a can, wanda shi ya tsaya a kan jana'izar, ya turo mini saƙon murya cewa marigayi yana da haƙƙi a wurin kamfani, ga kuma ɗan abin da ya bari a banki. A dokar ƙwadago ta Saudiyya ma'aikaci yana da kuɗin ƙarshen aiki: rabin albashin wata ga kowace shekara cikin biyar ɗin farko, cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan nan. Kuɗin marayu ne, ba abin da za a bari ya salwanta ba ne. Sai dai ya ce ba wanda zai saki ko riyal ɗaya sai an kawo takardar kotu mai bayyana magada, da takardar wakilci daga kowane magaji baligi, wadda notari, wato lauya mai izinin tabbatar da takardu, ya buga wa hatimi, Ma'aikatar Harkokin Waje ta tantance, ofishin jakadancin Saudiyya ya amince, kuma a haɗo da fassarar Larabci. A yankinmu na Ringim da Taura ba wuya ka sami gida mai ɗan'uwa a Saudiyya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda muka bi, don wanda irin wannan ta faɗo wa kada ya fara daga duhu.

Magadan su ne Inna, wato mahaifiyarmu, da matarsa, da babban ɗansa da ke bautar ƙasa a Jihar Ribas, sai ƙananan yara da ba su balaga ba. Ni ba magaji ba ne tunda akwai ɗa namiji, ɗan aike ne kawai. Na fara da mai unguwa, shi ya raka ni wurin dagaci. Dagaci ya sa aka rubuta wasiƙa cewa marigayi ɗan garin ne, aka jero iyalinsa, ya buga tambarinsa. Ba a yanka mini kuɗi ba, na dai ba magatakardansa na goro. Daga nan na tafi kotun shari'ar Musulunci da wasiƙar, da kwafin takardar shaidar mutuwa da aka turo daga Jidda. Da Larabci take, alƙali kuwa ya karanta abinsa ba tare da neman fassara ba. Ya ce in kawo shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a gadon, na zo da limamin unguwarmu da wani dattijo maƙwabcinmu. Matar marigayi tana cikin takaba, don haka yayanta ya tsaya mata. Tambayoyin alƙali sun fi yadda na zata zurfi: ko matar tana da juna biyu, ko marigayi yana da wata mata ko 'ya'ya a can, ko akwai bashi a kansa, ko ya bar wasiyya. Sai da aka kira ɗan garinmu a waya a gaban kotu ya ba da shaida cewa bai san shi da wani iyali a Jidda ba. Aka ɗage zaman, muka dawo bayan kamar mako biyu, aka ba mu takardar magada, aka kuma naɗa ni mai kula da dukiyar ƙananan yaran a ƙarƙashin sa idon kotu.

A nan ne magatakardan kotun ya yi mini alherin da ba zan manta ba. Na tambaye shi ko su ma suna buga hatimin notari. Ya ce a'a, ya zaunar da ni ya bambance mini. Akwai kwamishinan rantsuwa, wanda ake samu a kotuna, shi ne ke rantsar da mutum a kan takardar shekarun haihuwa ko ta ɓatan katin waya da makamantansu, kuma aikinsa ya wadatar ga yawancin abin da za a yi amfani da shi a cikin gida Najeriya. Notari kuwa lauya ne da aka yi wa naɗi na musamman, hatiminsa shi ne wanda ƙasashen waje suka sani. Ya ce, "Malam, ba kowane lauya ne notari ba, kada ka ga baƙar kwat ka miƙa takarda." Ina fita na shiga wani shagon buga takardu don in yi fotokwafi, mai shagon ya leƙa abin da ke hannuna ya ce in kawo Naira 5,000 zai samo mini sitam ɗin notari kafin la'asar, ba sai kowa ya zo ba. Da ban ji bayanin magatakarda ba, ƙila da na ɗauka sauƙi ne Allah Ya kawo. Duk wanda ya ce zai buga maka wannan hatimi ba tare da an ga mai sa hannu ba, ko dai hatimin na jabu ne, ko mai shi ya sayar da amanarsa, kuma a duka biyun takardarka ce za ta lalace a gaba, bayan ka gama kashe kuɗin mota.

Wani lauya ɗan yankinmu ne ya faɗa mini gaskiya cewa shi ba notari ba ne, ya ba ni lambar wani a Kano. Na yi sammako na bi ta Zakirai da Gezawa na sauka a Yankaba, kuɗin mota zuwa da dawowa da na adaidaita ya tasam ma Naira 8,000 a lokacin. Na jira har bayan azahar saboda yana kotu. Da ya dawo, kafin in buɗe jaka na roƙe shi ya nuna mini shaidar naɗinsa, ina jin nauyin tambayar. Bai ji haushi ba ko kaɗan, ya nuna mini takardar a jikin bango, ya ce haka ya kamata kowa ya yi. Ya bayyana mini cewa Alƙalin Alƙalan Najeriya ne ke naɗa notari, sai lauya ya yi aƙalla shekara 7 yana aiki kafin ya nema, kuma sunan duk wanda aka naɗa yana cikin rajistar da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ke riƙe da ita a Abuja. Ya ƙara da cewa tun 1936, zamanin Turawa, da tsohuwar doka ake aiki, sai a 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwa wadda ta soke ta. Sabuwar ta yarda notari ya yi aikinsa ta na'ura: ya ga mutum ta kiran bidiyo ko da yana wata jiha ko wata ƙasa, a sa hannu ta kwamfuta ko waya, shi kuma ya buga hatiminsa na na'ura. Amma sai notarin ya fara yin rajista da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli cewa zai riƙa yin haka, kuma wajibi ne ya naɗi zaman ya adana. A shekarar ce kuma aka gyara dokar shaida, ta yadda rantsuwar da aka yi ta bidiyo ta zama karɓaɓɓiya.

Sai ya baje takardunmu a kan tebur ya fara gwama su, fuskarsa ta canza. A fasfon marigayi an rubuta sunan mahaifinmu Mohammed, a takardar kotu Muhammadu. Babban ɗan, kamar yawancin yaran da suka shiga makarantar kwana, sunan gari ya sa a ƙarshen sunansa, haka yake a takardarsa ta NIN, babu sunan kakansa ko kaɗan. Inna kuwa, lokacin da aka zo yin rajistar katin ɗan ƙasa, sunan ranar da kowa ya san ta da shi ta faɗa, alhali shaidu a kotu sunanta na yanka suka bayar. A wurinmu duk wannan ba komai ba ne, kowa ya san kowa. Barista ya ce a wurin ma'aikacin banki a Jidda waɗannan mutane ne daban-daban, kuma shi kansa ba zai shaida cewa matar da ke cikin takardar kotu ita ce mai wannan kati ba sai an haɗa su da rantsuwa. Ya ce ba sai mun shiga layin gyaran NIN ba, wanda ke cin lokaci. A yi takardar rantsuwa ga kowannensu, a koma kotu ta sake fitar da takardar magada da sunayen daidai da katin kowa, na marigayi kuma daidai da fasfonsa harafi da harafi. Na fito daga ofishin jikina a sanyaye, domin na zo da niyyar komawa gida da hatimi, sai ga shi aikin ma bai fara ba.

Rantsuwar yaron ita muka yi ta bidiyo, kuma ina zaune a ofishin aka yi ta. Barista ya tura masa takardar tun da safe ya karanta. Da lokaci ya yi suka haɗu a allon kwamfuta, ya fara da faɗin kwanan wata da ƙarfe nawa, ya sanar da shi cewa ana naɗar zaman, ya tambaye shi a wane gari yake. Ya sa shi ya ɗaga takardar NIN da katinsa na bautar ƙasa kusa da fuskarsa, ya sa shi ya juya wayar ya nuna ɗakin don a ga ko akwai mai tsaye a kansa. Sannan ya rantsar da shi, yaron ya sa hannu da yatsa a kan wayarsa, Barista ya buga nasa hatimin na na'ura, ya liƙa wata 'yar takardar shaida mai bayyana cewa ta bidiyo aka yi. Ba a kai rabin awa ba. Ya karɓi Naira 20,000. Na tuna cewa da a da ne sai yaron ya nemi izini a wurin aikinsa, ya kwana a hanya daga Fatakwal zuwa Kano, mu kuma mu kwana da fargaba. A nan na ga amfanin sabuwar dokar da idona. Na kai takardar kotu tare da wasiƙar Barista da ta yi bayanin yadda aka yi ta, alƙali ya duba ya karɓa. Maganar sunan Inna kuwa, shaidun nan biyu suka koma suka tabbatar a gabansa, aka rubuta sunanta na yanka, aka biyo da "wadda aka fi sani da" sunan da ke kan katinta.

Da na ga wannan sauƙi sai na ce, "Barista, ai sai mu yi wakilcin ma haka, kowa daga inda yake." Ya ce doka ta ba shi dama, kuma a Najeriya takardar za ta tsaya daram, amma dokar Najeriya ba ta da iko a kan ma'aikacin da zai karɓi takardar a wata ƙasa. Ya ce in kira wakilinmu, wato wanda za mu wakilta a Jidda, ya je ya tambayi inda zai miƙa ta, da bakinsa, wace iri suke so. Amsar da ta dawo ita ce suna son takarda ta asali, da sa hannun biro da dangwalen yatsa. Don haka Barista ya tsara rubutun wakilcin ya tura wa yaron, ya je wurin wani notari a Fatakwal ya sa hannu a gabansa, ya ba motar Kano ta kawo. Saura Inna da matar marigayi da ni.

Ko da ma can sun yarda da ta na'ura, da wuya ta yiwu a garinmu. Na gwada kiran bidiyo daga tsakar gida, hoton ya tsaya cak, murya tana yankewa. Sai ka fita bayan makarantar firamare kafin sabis ya kama sosai. Ga Inna da ciwon ƙafa, ba ta iya zaman mota zuwa Kano, ga mai takaba da ba ta fita sai da lalura har ta cika wata huɗu da kwana goma. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan: waɗanda suka fi kowa buƙatar a sauƙaƙa musu tafiya, tsofaffi da marasa lafiya da mata masu takaba, su ne ke zaune inda sabis ya fi rauni, kuma su ne ba za su iya sa hannu a allon waya ba. Dokar ta yi kyau, amma ba ta iso ƙauye ba tukuna. Barista ya ce shi zai zo, a kan Naira 70,000 har da man motarsa. Muka sayar da tunkiya a Gujungu muka cika kuɗin.

Ya iso ranar wata Asabar da hantsi, da jakarsa da littafin rajistarsa da ƙarfen hatimi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zauren ciki. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Inna, zan karanta miki abin da ke cikin takardar nan da Hausa, duk inda ba ki gane ba ki tsayar da ni." Inna tana karanta Alƙur'ani da ajami amma ba ta yi boko ba. Ya bi takardar layi-layi. Da ya gama ya tambaye ta wa za ta wakilta, ta faɗi sunan mutumin da na mahaifinsa har da gidansu. Ya ce, "Don ya yi miki me?" Ta ce, "Ya karɓo guminsa na yaron nan a kawo wa marayunsa." Ba ta ambaci sunan yayana ba, ɗan fari ne. Ya duba hoton katinta ya dube ta, ya riƙe mata tawada ta dangwala babban yatsa. A ƙasan takardar ya rubuta cewa an karanta mata an fassara da Hausa, ta nuna ta fahimta kafin ta dangwala, ya sa sunansa da adireshinsa. Ya ce mini doka ce ta wajabta wannan ga duk wanda bai iya karanta abin da aka rubuta da sunansa ba, kuma rashinsa kaɗai na iya kayar da takarda a kotu.

Da aka zo kan matar marigayi sai ya ce ni da yayanta mu fita, Inna kaɗai ta zauna. Raina ya ɗan sosu, domin ni nake ta wahalar nan. Daga baya ita da kanta ta gaya mini abin da ya tambaye ta: ko wani ya matsa mata, ko ta san mutumin da za a wakilta, ko ta yarda da shi. Ya kuma roƙi ta buɗe fuskarta cikin hijabi don ya gwama da hoton katinta, ta yi hakan a gaban surukarta. Sai ita kuma ta yi masa tambayar da ni ban yi tunaninta ba: idan wannan bawan Allah ya karɓi kuɗin, me zai hana ya riƙe, ko ya yi wani abin da sunanta da wannan takarda nan da shekara biyar? Barista ya kira mu muka dawo, ya ce tambayarta tana kan hanya. Rubutun da wakilinmu ya turo a matsayin samfuri mai faɗi ne ƙwarai, ya ba shi ikon saye da sayarwa da yin sulhu da yafewa a madadin magada. Barista ya riga ya rage shi, amma a ranar ya nuna mana yadda ya taƙaita: karɓar haƙƙin marigayi daga kamfani, rufe asusunsa na banki, da turo kuɗin cikin asusun da kotu ta sani, ba wani abu bayan wannan, kuma wakilcin ya ƙare bayan shekara ɗaya. Ya ce ko da wakili waliyyi ne, takarda ba ta san halin mutum ba, abin da aka rubuta kawai ta sani. Ta ce ta gamsu, ta sa hannu, domin ita ta yi firamare. Ni ma na sa a madadin ƙananan yaran, ya haɗa da kwafin naɗin da kotu ta yi mini. Ya liƙa jan tambari, ya matsa ƙarfen hatimi a kai har sunansa ya fito ɓaro-ɓaro, ya shigar da komai cikin littafinsa. A ranar na gane cewa ba hatimin muka biya ba, shaidarsa muka biya: cewa ya ga mutanen nan da idonsa, su ne, sun fahimta, kuma ba tilas aka yi musu ba.

Fassara a Kano muka yi ta, wurin wani malamin Larabci da ke wannan sana'a, a kan Naira 10,000 kowane shafi. Na tsaya a kansa don ya rubuta sunan marigayi da Larabci daidai yadda yake a igamarsa, ba yadda kunnensa ya ji ba. Ya yi rantsuwa a gaban Barista cewa fassarar daidai take, aka ɗinke ta da ta Turancin. A yi fassarar kafin a tafi Abuja, don tambarin ya hau kan duka biyun a tafiya ɗaya.

Dalilin zuwa Abuja shi ne Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta sa tambari ɗaya ke isar wa takarda a tsakanin ƙasashen da suka shiga. Saudiyya ta shiga a 2022, amma tunda mu ba mu ciki, dole takardarmu ta bi tsohuwar hanya: Ma'aikatar Harkokin Waje ta tabbatar da hatimin notari, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta ya tabbatar da tambarin Ma'aikatar. Na hau mota zuwa Kaduna, na shiga jirgin ƙasa daga Rigasa, na sauka wurin wani ɗan'uwa a Kubwa. Washegari na je Ma'aikatar, a ginin Tafawa Balewa. Tun daga bakin titi wasu suka tare ni suna cewa in ba su takardun su shigar mini, na ce na gode, na wuce sashen shari'a da kaina. Kuɗin ta Remita ake biya, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati, a banki ko ta waya, a kan kowace takarda, a kawo rasit. Ba a miƙa wa kowa tsabar kuɗi. Na je da fotokwafin komai da katina, suka karɓa, suka faɗa mini ranar dawowa. Da na karɓo sai na wuce ofishin jakadancin Saudiyya da su, na biya nasu kuɗin, na sake jira. Abin da na biya a ofisoshin nan biyu bai kai abin da mota da abinci suka ci ba. Zaman Abuja gaba ɗaya ya lashe kusan Naira 100,000, duk da ban biya masauki ba. Wanda zai je ya lura da ranakun hutu na ƙasashen biyu, musamman wajen Sallah, kada ya je ya tarar da ƙofa a rufe.

Kafin takardun su bar hannuna na sa aka ɗauki hoton kowane shafi, gaba da baya, na adana a waya da imel. Wani amintaccen malami da zai tafi Umara ya tafi da su daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya damƙa wa wakilinmu hannu da hannu. Daga nan sai jira, wanda shi ne ya fi komai nauyi, domin babu abin da za ka iya yi. Duk wanda ya gamu da ni a masallaci sai ya ce, "Ya maganar Saudiyya?" Har wasu suka fara raɗe-raɗin kuɗi sun zo na yi shiru. Abin da ya taimake ni shi ne duk saƙon da wakili ya turo, nan take nake kunna wa Inna da matar marigayi su ji da kunnensu. Bayan 'yan watanni kuɗin suka shigo.

Da za a ce in shirya wani, zan ce ya fara da ƙarshen hanya. Kafin ka kashe ko sisi, wanda ke can ya je ya karɓo jerin abin da ake so a rubuce, ya kuma tambaya ko suna karɓar takardar da aka yi ta na'ura. Idan suna karɓa, ka nemi notarin da ya yi rajistar aikin bidiyo, domin ba dukkansu suka yi ba, kuma ka gwada sabis a daidai wurin da mutum zai zauna tun kafin ranar. Idan takardar a Najeriya za ta tsaya, kamar ɗan'uwa da ke waje yana son wakilta wani a kan gona ko fili, hanyar bidiyo ta isa ta raba ku da doguwar tafiya. Sannan kafin ka shiga kotu, ka tara katin kowane magaji da fasfon mamaci ka rubuta sunayen a takarda ɗaya, ka miƙa wa magatakarda ya kwafa daga nan, kada a rubuta daga bakin shaidu. Wannan kaɗai da ya rage mana kusan wata guda. Kada kuma ka sa hannu a wakilci mai faɗi don kunyar wanda ya turo shi. Mutumin kirki ba ya jin haushin a iyakance masa, namu ma da ya ga yadda aka taƙaita cewa ya yi an sauke masa nauyi.

Akwai abin da nake ganin hukuma za ta iya yi ba tare da wani babban kashe kuɗi ba. Tunda rajistar notari tana nan a Kotun Ƙoli, a riƙa liƙa sunaye da lambobin waɗanda ke kusa a allon kowace kotu ta ƙaramar hukuma, a kuma ware ɗaki guda mai intanet mai ƙarfi a sakatariya ko a kotu, inda mutumin ƙauye zai zauna ya gana da notari ta bidiyo. Da akwai irin wannan a Ringim ko Gumel ko Haɗeja, masu sayar da sitam a shago da sun rasa kasuwa, kuma sabuwar dokar da ta yi wa manomi aiki kamar yadda take yi wa ɗan kasuwar Legas.

Ranar rabo muka koma gaban alƙali. Kafin a fitar wa Inna sudusinta, matar marigayi tumuninta, sauran kuma ga 'ya'ya, sai ya ce in kawo lissafin abin da aka kashe wajen karɓo dukiyar don a cire daga cikinta. Na miƙa rasit na Barista, na mai fassara, na Remita, na ofishin jakadanci da tikitin jirgin ƙasa, duka ya amince da su. Kuɗin motocin haya da ba su da rasit kuwa, sai da ya tambayi magada baligai ɗaya bayan ɗaya ko sun yarda, kuma ya ce daga rabonsu kaɗai za a cire, ba za a taɓa na ƙananan yaran ba. Don haka ka sayi ƙaramin littafi tun ranar farko, ka riƙa rubuta kwanan wata da abin da ka kashe, ka kuma nemi rasit a duk inda ake bayarwa. Rabon yaran yana cikin asusun da aka buɗe da sunansu, ba a cire komai daga ciki sai da takardar kotu.